Yammacin da na riƙe filafili a kogin Kilim

Mu 'yan cikin birnin Kano ba mu tashi da sanin ruwa a matsayin abin wasa ba. Ruwa mai yawa da muka sani shi ne kududdufi, kuma labarinsa a gidajenmu ɗaya ne: duk damina sai an ce ya ci yaron wani. Namiji ma a sace yake koyon iyo, in aka gane a gida ya sha bulala, balle mace. Ni a Yakasai na girma, na yi aure, na haihu, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Don haka ban ga laifin 'yan uwa da ƙawayen da suka ga hotona a WhatsApp, ina zaune cikin wani ɗan kwale-kwalen roba da filafili a hannu, suka riƙa kira suna cewa "wai ke ce kuwa?" ba. Ni ce. Ga yadda aka yi, tun daga tushe, ko wata za ta samu hanyar zuwa ta san abin da za ta tarar.

Maigidana malami ne a wata babbar makaranta a nan Kano, yana karatun digiri na uku a Universiti Utara Malaysia da ke Sintok a jihar Kedah, can arewacin Malesiya dab da iyakar Tailan. 'Yan Arewa suna da yawa a makarantar. Na kai masa ziyara cikin watan Janairu, na baro Kano cikin hazo da sanyin hunturu, na faɗa wani zafi mai danshi wanda ko daga wanka mutum ya fito sai ya ji yana naso. Daga Sintok muka hau mota zuwa Kuala Perlis, daga nan jirgin fito ya ɗauke mu, sa'a ɗaya da 'yan mintoci muka sauka a garin Kuah, babban garin Langkawi. Langkawi tarin tsibirai ne, ana lissafa su 99, kuma tun 1987 aka yafe harajin kaya a can. Shi ya sa mata ke tururuwa sayen cakulan da kwanukan tangaran. Gaskiyar magana ni ma abin da ya sa na yarda da tafiyar ke nan. Zancen kayak, wato ɗan kwale-kwalen roban nan, Malam ne ya shirya shi ta waya, sai da ya biya kuɗin sannan ya sanar da ni.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba mu muka zaɓi lokaci ba. Ana gobe za mu je aka turo saƙo cewa mu kasance a matsayar jirage ta Kilim ƙarfe huɗu da rabi, mu sa kayan da ba mu damu su jiƙe ba, kada kuma mu zo da abinci a leda. Malam ya nemi a ɗan ja lokacin saboda rana, aka ce masa ba zai yiwu ba, ruwa ne ke yanke lokaci. A lokacin ban gane ba. A tunanina kogi ai kogi ne, damina ta cika shi, rani ya ƙafar da shi, yadda na san Chalawa in mun bi ta kan gada. Ashe na can ba haka yake ba. Kilim a teku yake zuba, kuma teku na cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya. In ya cika sai ya turo ruwan gishiri cikin kogin, kogin ya riƙa gudu da baya wajen sa'a shida, sannan ya juya ya koma wajen sa'a shida. Kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata da rana ne ke jan ruwan, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a farkon wata da kuma tsakiyarsa, daren sha huɗu da sha biyar. Da jagoranmu ya yi wannan bayani sai na ga ashe duk wanda ke riƙe da kwanan watan Musulunci ya riga ya san rabin aikin masuntan wurin. A manyan kwanaki tazarar cika da janyewa ta fi tsayin mutum. Inda jirgi ya wuce da la'asar, in ka dawo da dare taɓo za ka tarar.

Jagoran namu Musulmi ne ɗan tsibirin, siriri, fatarsa ta sha rana, ya ce mahaifinsa masunci ne a wannan kogin. Da sallama ya tarbe mu. Mu takwas ne a rukunin, sauran Turawa da wasu ma'aurata 'yan ƙasar. Malam ya yi masa maganar salla tun kafin a fara komai, domin agogon can yana da ruɗu ga baƙo. Tun 1982 aka daidaita agogon yammacin Malesiya da na jihohin Sabah da Sarawak da ke can gabas, saboda haka La'asar sai biyar saura take shiga, Magariba kuma sai bakwai ta wuce da kusan minti ashirin. Ya nuna mana ɗan masallacin da ke matsayar, ya ce mu yi La'asar a nan, Magariba kuma insha Allahu za mu dawo mu same ta kafin Isha ta shiga. Haka kuwa aka yi.

Sai takarda. Kowa ya rubuta sunansa da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, da ko yana da ciwon zuciya ko asma, da ko ya iya iyo. Na rubuta ban iya ba. Na zaci zai ce in zauna in jira su, har na fara murna a raina. Ya duba kawai ya ce to ni da maigidana za mu riƙa bin bayansa kai tsaye.

A kan rigar ruwa ya fi ɓata lokaci, kuma nan ne na fara yarda da shi. Bai miƙa mana ya ce mu sa ba. Kowa sai da aka zaɓar masa daidai jikinsa, aka ɗaure maɗauran gaba, aka ja na gefe. Daga nan sai a kama kafaɗun rigar a ja sama da ƙarfi: in ta taso ta rufe kunnuwa, ba ta ɗauru ba, domin a cikin ruwa haka za ta zame ta bar mutum. Matar ɗan ƙasar ce ta gwada tawa. Kowace riga da usur a jikinta. Ni da dogon hijabina na zo, irin namu mai kaiwa ƙasa, sai matar ta ja ni gefe ta nuna min da hannu cewa in ya jiƙe nauyi zai yi, ya naɗe ƙafa. Allah ya sa ina da ƙarami a jaka, mai tsayawa a ƙugu. Na sa shi a kan doguwar riga da wando, na cusa bakinsa cikin rigar ruwan. Duk macen da za ta je ta riƙe wannan, ta kuma bar atamfa da zani a masauki.

Ina tsaye ana ja min maɗauri sai Bagwai ta faɗo min a rai. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da mutanen da suka taso daga Badau za su Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Lodi ya yi wa jirgin yawa. Allah ya jiƙansu. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma ga mutum nan a gabana ya ƙi sakin igiyar jirgi saboda wani Bature ya kwance maɗauri ɗaya yana cewa zafi yake ji, ya tsaya ƙyam har sai da aka mayar. Rigar nan ba wani abin a zo a gani ba ce, soso ne da yadi. Taurin kan mai jirgin shi ne abin da ba mu da shi.

Jirgi mai inji ya fara ɗaukar mu zuwa wani dandamali na katako da ke yawo a kan ruwa, kusa da gonakin kifi, a nan aka ajiye kayak ɗin. Kayak ƙaramin kwale-kwale ne na roba mai ƙarfi, siriri, namu mai wurin zama biyu. A kansa ake zama, ba a cikinsa ba, kuma akwai 'yan huda a ƙasansa da ruwa ke fita ta nan. Ta nan kuma yake shigowa, don haka duk wanda ya hau sai mazauninsa ya jiƙe, babu dabara. Aka ba mu wata jaka da ba ta shan ruwa muka zuba waya da fasfo, aka naɗe bakinta sau uku aka ɗaure ta a jikin jirgin.

Darasin tuƙi bai wuce minti goma ba. Filafilin baki biyu gare shi, ɗaya a kowane ƙarshe. Ana riƙe shi da hannu biyu, tazararsu ta ɗan fi faɗin kafaɗa. A tsoma baki ɗaya kusa da yatsun ƙafa, a ja shi zuwa ƙugu, a cire, a tsoma ɗayan. Ya ce kada mu ja da damtse, mu juya ƙugu da gadon baya, in ba haka ba kafin rabin sa'a hannu zai mutu. In kana son juyawa hagu, ka ja ta dama. In kana son tsayawa, ka tura filafilin gaba. Na gaba shi ke ba da ƙa'idar bugu, na baya ya bi shi, kuma na baya ne ke riƙe da akalar jirgin. Wanda ya fi nauyi shi ke zama baya. In jirgi ya kife, kada a nufi gaɓa, a riƙe jirgin, a kwanta da baya, riga za ta ɗaga mutum, a busa usur.

Shiga ita ce ta fi komai ban tsoro. Ba a taka shi a tsaye. Na zauna a bakin katako, na zura ƙafafu, jagoran ya danne jirgin, na sulale na zauna ina karanta "Bismillahi majreha wa mursaha". Jirgin ya yi lilo hagu da dama, na ƙanƙame gefensa, na ce, "Malam, wallahi in na mutu kai ne." Ya ce, "Ai ko gwiwarki ruwan nan bai kai ba, Hajiya." Ƙarya yake, na gani a idonsa shi ma a tsorace yake.

Minti ashirin na farko babu abin da na gani sai hancin jirginmu yana zuwa inda ba a aike shi ba. In na ja dama shi ya ja hagu, filafilanmu su yi karo a sama, ruwa ya zubo min a hannun riga. Ya ce ina sauri, na ce shi ne ba ya kallo. Jagoran ya dawo kusa da mu yana dariya, ya ce a aikinsa ya ga ma'aurata da yawa sun yi faɗa a daidai wannan wurin. Ya ce Malam ya daina ba da umarni, ya zuba ido a kafaɗata kawai, duk inda ta sauka shi ma ya sauka. Abin da ba a taɓa gaya masa ba ke nan tun da aka ɗaura mana aure. Ya bi kuwa, jirgi ya miƙe.

Sai a lokacin na ɗaga kai. Duwatsu ne na farar ƙasa tsaye a cikin ruwa, dogaye, a miƙe sak, itatuwa sun tsiro a jikinsu ta inda ba ka ga ƙasa ba. Masana sun ce sun haura shekara miliyan 400, kuma asalinsu ƙasan teku ne. Ruwa ya cinye gindinsu ya yi musu lungu da koguna. Saboda irin waɗannan duwatsu ne hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Langkawi cikin wuraren tarihin ƙasa da take karewa a 2007, shi ne na farko a kudu maso gabashin Asiya. A ƙarƙashinsu kuma dajin mangurof ne, itatuwan da ke rayuwa cikin ruwan gishiri, irin waɗanda muke da su a Neja Delta amma yawancinmu 'yan Arewa ba mu taɓa gani ba.

Jagoran ya karya kwana ya shige wata 'yar hanya da ni ban ma lura da ita ba, muka bi shi. Jirgi mai inji ba ya iya shiga nan, kuma wannan ne dalilin wahalar tuƙin gaba ɗaya. Hanyar ta yi ta tsukewa tana rassa, kamar lungunan cikin birni da baƙo ke shiga ya kasa fita, har sai da filafili ya daina samun wurin juyawa muka koma dogara shi a taɓo. Sama ta rufe da ganye. Wani wari na tashi, na ruɓaɓɓen ƙwai, ya ce taɓon ne, babu iska a cikinsa. Saboda rashin iskar ne itatuwan suka yi dabara. Wasu saiwarsu daga tsakiyar gangar jiki take fitowa ta lanƙwaso ta soki taɓo, ta riƙe itacen ta kuma shaƙar masa iska. Wasu kuma saiwar ce ke ɓullowa daga ƙasa tsaye, dubbai, ko'ina tsini. Ya tsinko wani ganye ya ce in lasa bayansa. Gishiri ne zalla: itacen yana shan ruwan teku ya fitar da gishirin ta ganye. Ya kuma nuna mana 'ya'yan wani, dogaye masu tsini, waɗanda tun suna kan uwa suke tsirowa. In sun faɗo ko su soke cikin taɓo su kama nan take, ko ruwa ya tafi da su su kama a wani wuri. Ya ce a da sare itatuwan ake yi ana gawayi, yanzu an hana. A cikin saiwoyin nan kifi da jatan lande ke renon 'ya'yansu, su ne kuma ke rage ƙarfin igiyar ruwa, abin da mutanen tsibirin suka ƙara ganewa bayan ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba, 2004, wadda ta taɓa gaɓarsu ta yamma.

A inda ruwa bai gama rufewa ba na ga abin da har yau in na faɗa a Kano ake cewa na ƙara gishiri: kifi a kan tudu. Ɗan ƙarami, idanunsa a saman kai, yana jan jiki a taɓo da fukafukansa na gaba, yana tsalle in an matso. Ga ƙananan ƙaguwa masu hannu ɗaya ƙato ɗaya ƙarami suna ta ɗaga ƙaton. Wata guza ta ratsa gabanmu tana iyo, kanta kawai a waje. Tun kafin mu shiga ya gargaɗe mu kada wanda ya kama reshe don ya tsayar da jirgi, akwai maciji mai dafi da ke naɗewa a rassan yana jiran tsuntsu. Ban gan shi ba, ban kuma nema ba. Birai kam mun gan su, sun jeru a saiwa suna leƙen jiragenmu. Sun iya iyo, kuma ƙarar leda ce ke kiran su, shi ya sa aka hana mu zuwa da ita.

Da muka fito fili sai na ji tuƙin ya yi sauƙi, na ɗauka hannuna ne ya faɗa. Jagoran ya nuna min wani busasshen ganye yana wuce mu, ya ce ruwa ne ya juya, teku ya fara janyewa, shi ke tafiya da mu. Ashe lissafin da ya sa aka ƙi ja mana lokaci ke nan. Mu shiga lungu ruwa na turo mu, mu fito yana jan mu. Da mun makara da sa'a ɗaya da a taɓo za mu kafe.

A sararin nan tsuntsaye suke. Akwai wata irin shirwa, jikinta ja, kanta da ƙirjinta fari tas, ita ce tambarin tsibirin, har an gina mata gunki mai tsayin mita 12 a bakin ruwa a Kuah. Akwai kuma mikiyar teku mai farin ciki, ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Masu jirgin inji sukan watsa musu fatar kaza don baƙi su ɗauki hoto suna sura. Jagoranmu ya ce shi ba ya yi, kitsen kaza ba cimarsu ba ce, kuma yana koya musu zaman jira maimakon farauta. Yana cikin magana wani jirgin ya wuce a guje, igiyarsa ta taso mana. Ya yi tsawa ya ce mu juya hancin jirgi mu fuskance ta, kada ta same mu ta gefe. Muka hau ta muka sauka, cikina ya juya. Ya ce wannan igiyar ce ke zaizaye gaɓa tana kayar da itatuwa. Na lura ransa ya ɓaci sosai, ya daɗe bai ce komai ba.

Game da faɗuwar rana, wanda ke son ganin ta nutse cikin teku ya tafi gaɓar yamma, wajen Pantai Cenang. Kilim a arewa maso gabashin tsibirin yake, rana bayan duwatsu take faɗawa. Abin da ake kallo shi ne abin da haskenta ke yi: fuskar duwatsun ta koma ruwan goro, ruwan ya ɗauki launin, sama ta yi ja ta koma shuni. Muka haɗa jiragenmu wuri ɗaya, kowa ya riƙe na kusa da shi, aka raba ruwan sha da yankakkiyar abarba. Can nesa ta arewa ya nuna mana wasu tsibirai ya ce Tailan ce. Jemagu suka fara fitowa daga kogunan dutse. Tare da su sauro ya fito, kuma sauron wurin bai san hijabi ba, ta cikin safa ma cizo yake. Man sauro na cikin jakar da aka ɗaure a bayan Malam, buɗe ta kuwa sai an yi motsin da ba na so a yi. Na haƙura na sha cizo.

Duhu na saurin rufawa a can. Aka kunna 'yar fitila a jirgin jagora muka bi ta zuwa dandamalin. Fita ta fi shiga wuya, domin ƙafafuna sun yi tsami, sai da matar nan ta kama ni. Jagoran ya ƙirga mu, ya ƙirga riguna da filafilai, sannan jirgin inji ya mayar da mu. Muna hanya muka ji kiran salla daga ƙauyen. Na canza kaya a banɗakin matsayar, muka yi Magariba, muka nemi shinkafa da gasasshen kifi a wata rumfa a bakin hanya.

Washegari kafaɗuna sun ƙi ɗaguwa, tafin hannuna ya yi kanta a gindin babban yatsa, ko ɗaurin ɗankwali sai da Malam ya taya ni. Kwanukan da na je dominsu shi ya ɗauko su har jirgi. Da na dawo Kano na ba Yaya labari a shagonsa na Kantin Kwari, ya saurara har ƙarshe, ya tambayi nawa aka biya, Malam ya riga ya hana ni faɗa. Ya ce, "To tsaya. Jirgin nasu ne, ku kuka yi tuƙin, kuma ku kuka biya su?" Na ce ƙwarai. Ya kira yaron shagonsa ya ce ya zo ya ji sana'a.